Tsakanin Takardar Gurbi da Dutsen Niƙa

Makonnin da ke tsakanin fitowar takardar gurbin karatun digiri na biyu da ranar taron wayar da kan sababbin ɗalibai akasari kan ƙare ne a layin banki da shagon mai hoto. Wata malamar Hausa a sakandaren 'yan mata ta samu rabonta na wannan zirga-zirga. Ta haɗa shaidar digirin farko da ta bautar ƙasa, ta biya kuɗin rajista, ta roƙi shugabar makarantarsu ta tattara mata darussanta a farkon mako. Cikin kwana goma ta gama, sai ta koma ga abin da ya sa ta nemi gurbin tun asali.

Tun tana aji uku a jami'a take da niyyar nazartar waƙoƙin niƙa na matan ƙauyensu a ƙasar Daura. Da ta ƙirga waɗanda har yanzu ke iya rera su daga farko zuwa ƙarshe, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ƙaramarsu ita ce kakarta ta wajen uwa. Injin niƙa ya daɗe da shiga garin. Dutsen da aka yi waƙoƙin a kansa yana yashe a bayan rumbu, kaji na shan ruwa a kwarminsa. Daka ta fi niƙa sa'a, domin har gobe turmi na aiki, ana kuma jin lugude a gidan biki.

Tsarin karatun kuwa sananne ne: zango biyu na kwasa-kwasai da jarrabawa, sannan a gabatar da take, a ba ɗalibi mai duba aikinsa, ya kare tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, kafin ya fita neman bayanai. Wannan jeri yana da hujjarsa, don wanda ya fita ba ra'i ba farfajiya yakan dawo da tarin muryoyin da bai san inda zai kama su ba. Sai dai shekara guda a wurin ɗalibi zango biyu ce kawai, a wurin tsohuwar da ta haura tamanin kuwa ba abin da ake yi wa alkawari ba ne.

Ta sauko da littattafanta na da. Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau ya tuna mata matakan da za ta bi. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya tuna mata yadda aka fara tattara adabin baka, kuma a nan ta daɗe tana tunani. Abin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 malamai maza ne suka rubuto masa da ajami, kuma abin da mace ke rerawa ita kaɗai a durƙushe, tana habaici ga kishiya ko uwar miji, ba kasafai yake ƙetare zaure ya isa alƙalamin malam ba.

Da ta kira gida ta faɗi labarin gurbin, tsohuwar ta yi dariya.

"Kishiya, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, wane karatu kuma ya rage miki?"

"Waƙoƙinki zan rubuta, Kaka."

"To ki zo kafin hazo ya sauka, ƙirjina ba ya shiri da hunturu. Ki taho da dawa. Ni ban iya waƙa hannu na zaune ba."

A ranar taron, an yi bayani kan katin ɗakin karatu, da wa'adin kammala kundi, da hukuncin satar fasaha. Da aka koma sashe aka ba da damar tambaya, yawanci jadawalin lacca aka tambaya, kasancewar galibin ɗaliban ma'aikata ne. Ita kuwa ta miƙe ta ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da ɗalibi ya naɗa kafin a amince da takensa, zai shiga kundi?"

Farfesan ya tambayi shekarun masu waƙar. Da ya ji, sai ya ce kada ta jira kowa. Ta nemi izininsu a cikin naɗin kansa, ta rubuta suna da shekaru da gari da rana, ta ajiye kwafi biyu a wurare daban, kada kuma ta gyara karin harshensu zuwa daidaitacciyar Hausa yayin juyawa a takarda. Take yana iya sauyawa sau uku, in ji shi, wannan matsalar sashe ce.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta sauka a garin da tiya biyu ta dawa. Aka wanke dutsen, aka nemo ɗansa a ƙarƙashin gadon tsohuwar. Gwiwoyin Kaka suka ƙi durƙuso, don haka jikar ce ta durƙusa, wayar na jingine da ƙwarya tana naɗa. Sau uku tsohuwar tana tsayar da waƙar, tana cewa hannun ya yi sauri, amshin ba zai zauna ba.