Dare Ɗaya a Zauren Royal Albert na Landan

A unguwar Kensington ta birnin Landan akwai wani ƙaton gini na jan bulo, zagayayye kamar rumbu, da rufin ƙarfe da gilashi. Shi ne zauren Royal Albert. Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta buɗe shi a 1871, ta sa masa sunan mijinta, Yarima Albert, wanda ya rasu a 1861. Yana ɗaukar mutum fiye da 5,000 a zama ɗaya.

A watan Nuwamba na 2023 na je can kallon wasan Angélique Kidjo, mawaƙiyar Jamhuriyar Benin, wadda ke bikin cika shekara 40 tana waƙa. A wannan lokacin na shekara, tun ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na bi ayarin mutane a ƙafa har bakin ƙofa.

Duk wanda ya shiga, sama yake fara kallo. Jajayen kujeru sun kewaye zauren hawa-hawa, kamar an jera kwanuka wani cikin wani. Daga rufi kuma wasu manyan faya-fayai suna reto. Dalibai masu son kimiyya, ga abinku! Da aka gama ginin, sai aka tarar sauti yana dukan rufi yana dawowa, har mai sauraro ya ji kiɗa ɗaya sau biyu. An yi kusan shekara 100 ana fama da wannan amsa-kuwwa. Sai a 1969 aka rataya faya-fayan nan, su tare sautin su warwatsa shi, aka samu sauƙi. A bayan dandamali kuwa akwai wani makeken abin kiɗa mai aiki da iska, mai bututu 9,999.

Makaɗan da suka raka ta su ne ƙungiyar Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015. Ita haifaffiyar Landan ce, mahaifinta ɗan Nijeriya. Ta kafa ƙungiyar ne domin baƙaƙen fata da sauran tsiraru su samu gurbi a fagen kiɗan gargajiyar Turai. Mafi yawan kayan kiɗansu dangin goge ne, manya da ƙanana, ana goga su a tare kamar hannu ɗaya.

Da fitilu suka dushe, zauren ya yi tsit. Sai muryarta ta tashi, ta cika wurin tun daga ƙasa har bene na ƙarshe. Kidjo tana waƙa da harshen Fon da Yarbanci da Faransanci da Turanci. Yawancin na kusa da ni ba sa jin Fon ko Yarbanci, amma hakan bai hana su tafi da amshi ba. Kafin a tashi, masu kwat da masu atamfa duk sun miƙe suna rausayawa.

Irin wannan kiɗa shi ake kira kiɗan duniya. Masu kamfanonin faifai ne suka amince da sunan a wani taro a Landan a 1987, don su samu inda za su jera waƙoƙin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a kantuna. Sunan ya taimaka wajen ciniki, amma wasu mawaƙa suna ƙorafi: yaya za a zuba kiɗan nahiyoyi uku a ƙwarya ɗaya? Kidjo dai ta lashe kyautar Grammy sau biyar ba tare da ta yar da harshenta ba. Ta kuma kafa gidauniyar Batonga don tallafa wa ilimin 'yan mata a Afirka.

Yanzu ku duba gida. Mutum nawa ne a ajinku ya taɓa riƙe kalangu ko kuntigi, ko ya san yadda ake ɗaure goge? Kayan kiɗa suna ɓacewa ne ranar da aka rasa mai koyo. In akwai makaɗi a unguwarku, ku nemi izinin iyaye ku ziyarce shi, ku tambaye shi tarihin sana'arsa, ku rubuto mana abin da kuka jiyo.