Awartakin kawuna

Bayan sadakar arba'in ta kawuna a Dogon Dutsi, magada suka taru domin rabon abin da ya bari. Gona da gida ba su kawo gardama ba. Da aka zo kan akwatin kayan aikinsa, sai babban ɗansa ya ce a kirawo masu sayen tsofaffin ƙarafa, su aza bisa sikeli, a raba kuɗin. Na roƙi a buɗe mini shi tukuna.

Kawu maƙeri ne ɗan maƙeri, mutumin ƙasar Tibiri, wanda ya bar ƙirar hauya da lauje ya koma gyaran amalanke da kekuna a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙwanni. Abin da nake nema kuwa yana can ƙarƙashin guduma: wani awartaki mai kulle kansa. Wani saurayi Ba'amurke na ƙungiyar Corps de la Paix, wadda ta yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, shi ne ya bar masa shi ranar da zai koma gida, tun ba a haife ni ba. Sai a murɗa ƙusar da ke gindinsa, a matse, ya ciji ƙarfe. Kana iya sakin hannunka ka tafi salla, ka dawo ka tarar yana riƙe. Kawu yakan ce: «Wanga ya hi yaron maƙera, ba shi gajiya, ba shi cewa yunwa.»

Sai da na shiga lise na iya karanta rubutun da ke jikinsa: Vise-Grip, Petersen, DeWitt. Daga baya na san labarin. William Petersen maƙeri ne shi ma, ɗan ƙasar Danmak da ya yi ƙaura zuwa ƙauyen DeWitt a jihar Nebraska. Matsalarsa ita ce ta kowane maƙerin Arewa: hannu biyu ba su isa riƙo da dūka a lokaci guda. A 1924 ya sami takardar mallakar wannan dabara ta kulle. Ƙaramin hannun da ake dannawa a sake shi, a 1957 aka ƙara. Na kawu yana da shi, ke nan bai girmi wannan shekara ba. A 2008 aka rufe masana'antar DeWitt aka mai da aikin ƙasar Sin, tun daga nan kuma masu tara tsofaffin kayan aiki a Amurka suke farautar masu tambarin ƙauyen. Wasunsu sukan goge su, su jera cikin gilashi. Jama'a, awartaki a gilashi!

Na kawu ba zai burge su ba. Haƙoransa sun cinye, tsatsa ta hau gefe guda, ƙaramar wayar da ke cikinsa ma ta karye tuni, kawu ya musanya ta da wata da ya ciro daga birkin keke. Amma na gwada shi gaban magada a kan wani tsohon noti da ya gagari kile, ya kwance shi.

Ɗan kawun ya ce: «To, Yaya, tun da ka matsa, biya.» Aka aza bisa sikeli, bai kai kilo ba. Na ba da jika biyu, suka yi ta dariya wai an cuci ɗan boko. Ban kai shi Yamai ba. Na bar shi hannun yaron da kawu ya koya wa aiki, da sharaɗin kada ya ba kowa aro ranar kasuwa.