Kada barewa ta koma zane a jikin dutse



Mu ƴaƴan liman ne, a Sabha muka tashi, kuma ƙofar gidanmu ba ta rabo da masu kawo wa Malam alheri. Wata rana da hantsi wani maƙwabcinmu ya dawo daga hamada, bayan motarsa maƙare da bareyi. Ya sauke mana cinya guda, sannan ya miƙo ɗan barewa mai rai, jikinsa na rawa, ya ce yara su yi wasa da shi. Malam ya dube shi ya ce: "Alhaji, ina uwarsa?" Ya nuna bayan mota. Malam ya yi godiya, ya ce a mayar da naman. Ɗan barewar nan ya ƙi madarar akuya, kwana uku ya mutu a hannunmu. A ranar fushin rashin nama muka yi.

Ba mu gane hikimar Malam ba sai da muka girma, muka ziyarci Wadi Matkandush, can gaba da Jarma. A jikin duwatsun wurin mutanen da sun sassaƙa giwa da kada da raƙumin dawa. Bushewar ƙasa ce ta kore su daga Fezzan shekaru dubbai da suka shuɗe, wannan ikon Allah ne. Amma mariri, farautar ɗan Adam ce ta fi ƙarar da shi, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji. Mafaraucin da yana bin sawu da kare da tarko, ya kama ɗaya ya koma gida. Na yau yana korar garke da mota har su faɗi don gajiya.

Duk da haka ɓarna tana gyaruwa. A 2016 an sake sakin mariri a dajin Cadi, yana kuma hayayyafa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba a 1996. Da aka tsare su, sun haura 600.

Farauta halal ce, ɓarna kuwa ba ta halatta ba. Mai saye shi ke cika wa mai harbi tankin mota. Don haka a gidanmu, har bayan rasuwar Malam, ba a sayen naman barewa, ba a karɓar ɗanta kyauta.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.