Kwana Biyar a Hamadar Ostareliya

 Makon nan zan ɗan ajiye maganar girki da renon yara, in ba ku labarin tafiyar da na yi cikin hamadar ƙasar Ostareliya. Amma kada ku ce na bar zancen gida, gama ashe can ma abin da ke tsare ran matafiyi shi ne abin da ke riƙe gidan kowace mace, watau tanadi.

Ostareliya ƙasa ce wadda teku ta kewaye ta kowane gefe. Girmanta ya ninka na Nijeriya sau takwas, amma mutanenta duka ba su kai miliyan 30 ba, galibinsu kuwa a bakin teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar ba kome sai jar ƙasa, da rairayi, da ciyawa mai tsini kamar allura. Turawan can suna kiran wannan daji Autbak, watau can bayan gari. A tsakiyarsa akwai gari mai suna Alice Springs, kimanin mil 930 daga birnin Adelaide ta kudu, haka kuma daga Darwin ta arewa. Daga nan muka tashi.

Baƙo mai hankali ba ya shiga wannan daji shi kaɗai. Akwai masu sana'ar ja-gora, sai ki biya kuɗi su ɗauke ki tare da waɗansu matafiya a irin motar nan ta Land Cruiser, wadda injinta ke juya ƙafafunta duka huɗu, don kada rairayi ya riƙe ta. Mu goma ne a tamu motar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ja-gorarmu mace ce, wata Baturiya. Ita ce direba, ita ce makanike, ita ce mai dafa abinci. Kafin mu tashi sai da ta ƙirga kayanta ɗai-ɗai a gabanmu: jarkokin ruwa, da tayoyi biyu na ko-ta-kwana, da shebur, da akwatin magani, da waya mai aiki da tauraron ɗan Adam, domin wayar hannu ba ta samun layi a can. Sa'an nan ta kafa mana doka. Ta ce in mota ta lalace, kada kowa ya kuskura ya bar ta ya tafi neman taimako da ƙafa, gama daga jirgin sama ana iya hango mota, amma mutum ɗaya cikin daji da wuya a gan shi.

Ranar farko muka yi mil 280 a kan kwalta zuwa wani dutse da ake kira Uluru. Jama'a, gani ya kori ji! Dutse ne guda ɗaya tak a tsakiyar fili, tsayinsa ƙafa 1,142, kewayensa kusan mil 6. Da rana ta kusa faɗuwa sai ya yi ja wur kamar garwashi. Wani Bature, William Gosse, ya sa masa suna Ayers Rock a 1873, amma masu ƙasar na asali, baƙar fata da ake kira Anangu, suna wurin shekaru dubbai kafin zuwansa. A 1985 gwamnati ta mayar musu da mallakar dutsen, a 2019 kuma aka hana hawansa, saboda wuri ne mai girma a al'adarsu. Kewaya gindinsa kawai muka yi, muka ga wani ɗan tafki mai suna Mutitjulu, inda ruwan sama ke taruwa in ya gangaro daga dutsen. Ruwan da ke sauka a yankin a shekara bai kai rabin na Kano ba, saboda haka ku da kanku kun san darajar wannan tafki.

Da dare ba mu kafa tanti ba. Kowa aka ba shi wata shimfiɗa ta tamfol mai katifa a ciki, wadda akan naɗe kamar tabarma, suna ce mata suwag. Sai ki shige ciki ki ja zif, fuskarki na kallon taurari. Takalma ma tare da su ake kwana, don karen dajin nan da ake kira dingo yakan ɗauke su. Cikin watan Yuli ne, lokacin sanyinsu ke nan, gama yanayinsu akasin namu ne. Da asuba na tarar ruwan butata ya fara daskarewa. Wani abin kuma, mu da muka saba fuskantar gabas, a can alƙibla yamma take, maso arewa kaɗan.

Rana ta biyu muka ziyarci duwatsun Kata Tjuta, su 36 masu kama da ƙwarya a kife. Ta uku muka hau gaɓar wani kwazazzabo mai zurfi, Kings Canyon, tafiyar kusan mil 4. Ja-gora ba ta bar kowa ya fara hawa ba sai da ta ga ruwansa da idonta, lita ɗaya don kowace sa'a ta tafiya.

To, a daren nan ne na sha kunya. Mun sauka a wani zango inda babu famfo babu rijiya. Ja-gora ta kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa, ta sa cikin tukunyar ƙarfe, ta binne a garwashi, ya fito burodi mai daɗi da suke kira damfa. Da aka gama ci, ni mai son a ce na iya aiki, na tattara kwanoni na buɗe jarka ina ta kwarara ruwa kamar a tsakar gidana. Sai ta zo a hankali ta rufe jarkar, ta ce, "Uwargida, wannan da kika zubar, ruwan shan mutum ɗaya ne na wuni guda." Ta nuna mini yadda ake share maiƙon kwano da takarda tukuna, kana a wanke kwanonin mutum goma sha ɗaya da ruwan da bai cika ƙaramar roba ba. Na tuna maganar iyayenmu, in ruwanka bai isa wanka ba, sai ka yi alwala.

Muna zaune a bakin wuta ta ba mu labarin waɗansu Turawa biyu, Burke da Wills, waɗanda suka tashi daga Melbourne a 1860 don su ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. Suna da raƙuma da dawaki da kaya jibgi, amma a kan hanyar komowa guzuri ya ƙare, suka mutu a 1861 a bakin wani rafi, Cooper Creek. Abin tausayin shi ne akwai abinci kewaye da su, wani tsiro mai suna nadu, sai dai shi kamar rogo mai ɗaci ne, sai an san yadda ake sarrafa shi. Abokinsu John King ya tsira don mutanen wurin sun karɓe shi sun ciyad da shi. Wannan ilmi na abincin daji yawancinsa a hannun mata yake. Matan Anangu sukan fita da sandar tono da akushin katako a bisa gammo, su tono saiwa, su tsinko 'ya'yan itace, su niƙa tsabar ciyawa a kan dutse. Uwa ce ke koya wa 'yarta.

Rana ta huɗu muka bar kwalta muka shiga hanyar Mereenie mai gargada, wadda sai da takardar izini ake bi, don ta ratsa ƙasar mutanen asali. Can muka ga garken raƙuma ba makiyayi. Tun daga 1860 aka riƙa kawo raƙuma tare da masu jansu, galibi Musulmi daga Afganistan da ƙasar Hindu ta wancan zamani. Su ne suka yi ta kai kaya cikin hamada, har suka gina masallaci a Adelaide a 1888. Da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin, sai aka saki raƙuman suka bazu.

Da yamma muka gangara cikin busasshen kogin Finke, sai mota ta kafe a rairayi. Gabana ya faɗi. Ja-gora kuwa ko a jikinta. Ta rage iskar tayoyi don su baje a kan rairayi, ta miƙa mana shebur muka yi ta tono. Sa'a biyu muka yi a wurin, kowa ya sha ruwa har ya ƙoshi, ba wanda aka auna wa. Sai a lokacin na gane dalilin rufe jarkar nan.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Da muka komo Alice Springs na ga makarantar da aka buɗe a 1951 don yaran da ke zaune nesa cikin daji. Da can ta rediyo malama ke koyar da su, yanzu kuwa ta intanet. Yarinya na nesa da malamarta mil ɗaruruwa, amma ba ta fashi. Ke da makarantarki ke bayan gidanku, wane uzuri gare ki?

Ku kuma iyaye mata, tun da na komo ban ƙara barin famfo yana zuba ina wanke-wanke ba, hatsi kuwa sai na auna kafin in ɗora. Ku koya wa 'ya'yanku mata lissafin abin da ke cikin randa da rumbu tun suna ƙanana. Allah Ya ba mu wadata, Ya kuma ba mu hankalin riƙe ta. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.