Wakilin Suna da Zaman da Bai Watse Ba

Ranar da aka ɗauke wuta, Rakiya tana zaune a wani shagon intanet a Maraɗi, tana mayar da hirar da ta naɗa da kakarta a Tibiri zuwa rubutu. Hirar ce ginshiƙin kundinta na mastar a kan Gobiranci, kakar kuwa ta rasu tun da damina. Sa'a 3 ta yi tana zuba "shina" da "hwaɗi" yadda tsohuwar ta furta su, cikin wata manhajar rubutu mai aiki a burauza. Sai allon ya yi baƙi ƙirin.

Hannu na rawa ta ciro salula, ta shiga manhajar da sunanta da kalmar sirri. Rubutun yana nan, ban da layi biyu na ƙarshe.

Daga baya ta bi diddigin dalili. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da uwar garke suke zance da ita, ba ta riƙe abin da ya wuce: kowace buƙata baƙuwa ce a wurinta. Don magance wannan mantuwa Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki a 1994. Idan mutum ya shiga, uwar garke ta buɗe masa zama, ta ba burauzarsa wata ƴar lamba da za ta riƙa nunawa a kowace buƙata. Aikin kansa yana wurin uwar garke, shi ya sa salula ta tarar da shi. Layi biyun da suka salwanta su ne waɗanda kwamfuta ba ta kai ga aikawa ba.

Ga ɗalibar ilimin harshe, wannan tsohon darasi ne: wakilin suna. "Shi" bai ɗauke da ma'anar kansa, nuni yake yi ga sunan da aka riga aka ambata. Kwamfuta tana da nata wakilin, salula ta karɓi nata, suna dai ɗaya ne.

Nan gabanta ya faɗi, domin wakilin suna bai damu da bakin da ya furta shi ba. Kukinta yana cikin kwamfutar shagon. Duk wanda ya zauna a kujerar bayan an maido da wuta, uwar garke za ta ɗauke shi Rakiya ce, ya karanta sirrin gidansu, ko ya goge shi. Ta buɗe jerin na'urorin da ke cikin asusunta, ta rufe zaman shagon daga salula, sannan hankalinta ya kwanta.

Da dare ta sake sauraren farkon muryar don gyara. Jimlar farko ta kakar ita ce: "Shi yak koya mani saƙa." Sai ta tuna ba ta kunna na'urar naɗi da wuri ba, tsohuwar ta riga ta faɗi sunan. Ta tambayi mahaifiyarta, ta tambayi gwaggonninta, kowa da wanda yake zato.

Zaman intanet an ɗauke shi daga na'ura zuwa na'ura, domin akwai inda aka adana sunan. Zaman tabarma a Tibiri kuwa, mai riƙe da sunan ta tafi da shi. A ƙarƙashin jimlar, cikin kundin, Rakiya ta rubuta: "Ba a san wanda ake nufi ba."