Ƙura, Wuta da Akwatin Wasa

A Kore Mairuwa abin da ya lalace ba a saurin jefar da shi. Rediyo, keke, fitilar hannu, kowanne yana da mai jinyarsa a bakin kasuwa. Amma akwatin wasan yara, in ya daina aiki, sai a ce masa gawa, domin babu mai gyaransa sai an kai shi Dogondutsi, wani lokaci ma har Yamai.

Na ɗan ƙanena PlayStation 2 ne, irin wanda kamfanin Sony ya fitar a 2000. Tsohon hannu ya saye shi, kuma da shi yake samun kuɗin takardu da alƙalami, don samarin unguwa na biyansa su buga ƙwallo a talabijin. Da ya ƙi karanta faifai cikin hunturu, sai na ce mu bincika shi yadda likita ke yi wa majinyaci: tambaya tukuna, wuƙa daga baya.

Ko wuta na shiga? Tana shiga, fitilarsa ta kama. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, saboda wutarmu ta bolt 220 ce, alhali akwatin da aka ƙera don Amurka bai wuce 120 ba. Wanda ya jona shi kai tsaye ya ƙone shi nan take. Hoto na fitowa? Yana fitowa. Faifan fa? Muka gwada shi a akwatin maƙwabci, ya yi aiki lafiya. Saura ido ke nan, ɗan gilashin nan da bai kai ƙwayar wake ba, wanda haske ke bi ta cikinsa ya karanta faifai.

Muka cire waya daga bango, muka kwance murfi. Fankar da ke sanyaya shi ta tara ƙurar Dallol Mawri kamar saƙar gizo, idon kuwa ya yi hazo. Yaron ya goge shi da auduga da ɗigon alkol, hannunsa na rawa.

"Baba, in bai tashi ba fa?"

"Mun dai san ba nan ciwon yake ba."

Ya tashi. A ganina, abokaina malamai, darasin lantarki da muke zanawa a allo bai taɓa riƙe hankalin yaron nan kamar wannan rabin awa ba. Da maraice sai ga shi da tsohuwar rediyon mahaifiyarsa, yana tambayata ta ina za a fara.