Keken Tsere: Tsakanin Mahayi da Maƙeri

Masu iya magana kan ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duk wanda ya bi tarihin keken tsere zai tarar da tambaya guda tana ta maimaituwa: idan an ci tsere, wa ya ci, mutum ko ƙarfe?

A 1868 aka yi tseren keke a wani lambu kusa da birnin Faris, wanda wani Baturen Ingila mai suna James Moore ya ci. Kekunan wancan zamani nauyi gare su, kuma fedarsu a maƙale take da ƙafar gaba. Sai a 1885 John Starley ya fito da keke mai sarƙa da ƙafafu biyu kusan kai ɗaya. A 1888 kuwa John Dunlop ya kawo taya mai iska. Waɗannan biyu su ne tushen keken da aka soma tseren zagaya Faransa da shi a 1903, tafiyar kilomita 2,428.

To, shugaban wannan tsere, Henri Desgrange, mutum ne mai tsauri. A ganinsa ƙarfin mahayi ake gwadawa, saboda haka doka ta ce wanda kekensa ya lalace shi zai gyara abinsa da hannunsa. A 1913 wannan doka ta faɗa kan Eugène Christophe. Yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, nasara na hannunsa, sai ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba ya karye. Ya saɓa kekensa a kafaɗa, ya taka wajen kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Shi ya riƙa awartaki, shi ya buga masaba, alƙalan tsere na tsaye suna kallo. Da yake hannu biyu ba su isa ƙira da zuga ba, wani yaro ya zuga masa wuta. Saboda wannan kaɗai aka ci shi tarar mintoci, bayan sa'o'in da ya riga ya ɓata. Duk da haka ya hau, ya ƙarasa, ya zo na bakwai.

Sannu a hankali ƙarfe ya rinjayi doka. A 1937 aka yarda ƙwararrun mahaya su yi amfani da na'urar canza giya a wannan tsere; kafin nan sai mahayi ya sauka ya juya ƙafar baya kafin ya hau tudu. A 1989 Greg LeMond na Amurka ya ɗaura wa kan kekensa sanduna biyu masu rage karon iska, ya kada Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal. Da kekuna suka koma na zaren kabon marar nauyi, sai hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade a 2000 cewa kada keke ya gaza kilo 6.8.

A yau mota ce ke bin mahayi da kekuna na canji, gyara ba ya cin minti guda. Amma mutane da yawa sun manta wanda ya ci tseren 1913, alhali kuwa har yanzu ana zuwa ganin maƙerar nan ta Christophe. Ashe dai ƙarfe kan ci tsere, amma juriya ita ke barin suna.